Mitar UNI-T UT210E: ra'ayina ga masu motar da ake kwana a cikinta

Salam jama'a. Duk mai irin motar nan da ke da ɗaki a ciki, da gado da firij da famfo, wadda ake tafiya da ita ana kwana a ciki, ko kuma wanda yake gyaransu, shawarata tun kafin in yi nisa ita ce kada ka yi saurin sayen sabon batir idan wuta ta fara baka matsala. Ka fara neman mita mai baki, wadda ake maƙalawa a jikin waya ta faɗa maka ampiya nawa ke wucewa. Wadda nake aiki da ita UNI-T UT210E ce, kuma akanta zan yi magana, abinda take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya.

Dalilin da yasa na fara da maganar batir shine kusan kowa shi yake fara ɗora wa laifi. Fitila ta dushe, batir. Hita ta ƙi tashi, batir. An wayi gari babu wuta, batir. Sai mutum ya sayo sabo ya ɗaura, ya ɗan ji daɗi na kwana kaɗan, sannan matsalar ta dawo yadda take, saboda tun farko ba a batirin take ba, a hanya take, ko waya ko fiyus ko kan batir da ya yi tsatsa ko wani abu da ke shan wuta a ɓoye. Kuma abin haushin shine sabon batirin ma zai lalace idan aka bar shi yana sauka ƙasa kullum.

Irin wannan motar wuta biyu ne a jikinta. Akwai ɓangaren bolt 12 na DC, wanda ya haɗa batirin tada inji da batirin ɗaki, su fitilu, famfo, hita, fanka, cajar waya duk a nan suke. Sannan akwai ɓangaren wutar gida, AC, wadda ake jonawa a wurin da aka yi fakin, bolt 230 a Turai, bolt 120 a Amurka. Yawancin ciwon kai a ɓangaren bolt 12 yake, kuma a nan ne mitar nan ta fi sauran da na taɓa riƙewa.

Ga yadda take. Ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, batir AAA guda biyu take ci. Bakinta yana buɗewa kamar milimita 17. Tana da mataki uku na ampiya, 2 da 20 da 100, kuma duka ukun tana auna AC tana auna DC. Sannan tana da wayoyin gwaji ja da baƙi na auna bolt har 600, da auna juriya, da ƙarar nan da take yi idan waya bata yanke ba. To abinda mutane da yawa basu sani ba sai sun saya sun kai gida: mafi yawan ƙananan mitoci masu baki AC kaɗai bakin nasu yake ji, ka maƙala a wayar batir ka ga sifili ko da ampiya ashirin ke gudu. Wannan kuwa tana da sensa irin ta Hall a bakin, shi yasa take jin DC. Su kuma manyan, masu ampiya 400 ko 600, ko da suna jin DC ɗin, ƙaramin abu baya gabansu. Matakin ampiya 2 na wannan yana nuna har lamba uku bayan ɗigo, wato har miliamp, kuma wallahi don wannan matakin kaɗai ta cancanci zama a cikin mota.

Bari in nuna maka inda ya yi min amfani. Batirin ɗaki ya riƙa sauka alhali motar tana ajiye, komai a kashe. Da mita ta yau da kullum sai ka kwance kan batir ka ratsa mitar a tsakani, kuma fiyus ɗin cikinta yawanci ampiya 10 ne, wani abu ya tashi ba zato ya ƙone shi, banda haka kwance batirin kansa yana sa wasu na'urori su sake saiti, abin da kake farauta ya ɓuya. Da wannan ba ka kwance komai. Na juya ta zuwa ampiya 2, na danna SELECT ta koma DC, na riƙe ta kusa da wayar a kwance yadda zan maƙala, na danna ZERO, sannan na maƙala a baƙar wayar batirin. Ta nuna wajen 0.6. Sai na koma akwatin fiyus ina zarewa ɗaya bayan ɗaya ina leƙa lambar, na fitilu ba canji, na famfo ba canji, na rediyo ta ɗan ragu kaɗan, amma babban kason yana nan. Duk fiyus sun fita lambar bata faɗi ba, kenan mai shan wutar baya bi ta akwatin ma sam. Na bi wayoyin da ke kan batirin kai tsaye ina maƙalawa ɗaya-ɗaya, ashe inbata ce, wato na'urar da ke mayar da wutar batir zuwa wutar gida, an kashe abinda ke jikinta amma ita kanta tana kunne tana jira, ɗan koren haskenta yana can ƙarƙashin kujera inda ido baya kaiwa.

Kar ka raina rabin ampiya. Ka lissafa, 0.5 sau awa 24 ya zama Ah 12 a rana (Ah shine ampiya sau awa, ma'aunin cikin batir). Batirin dalmar nan mai Ah 100 kuwa rabinsa kawai ake so ka ci idan kana son ya daɗe, wato Ah 50. Kwana huɗu da ɗan wani abu kenan ka kai iyaka ba tare da ka kunna ko fitila ɗaya ba. Mutum ya ajiye mota sati biyu ya dawo ya tarar batir ya kwanta, ya ce an sayar masa da jabu.

Abu na biyu, kuma shi ne na fi son mutane su gane, auna bolt ba tare da lodi ba yaudara ce. Ka ɗauka kamar tiyo ne da aka taka a tsakiya, idan bakin a toshe yake ruwan zai cika ya yi ƙarfi har ƙarshe kamar lafiya lau, sai ka buɗe ka ga ɗigo-ɗigo. Waya mai tsatsa haka take, ka auna a bakin hita tana kashe ka ga 12.6 cif, ka ce to wuta na zuwa. Hitar dizal kuwa lokacin tashi fulog ɗin da ke ɗumama ta yana jan wajen ampiya 8 zuwa 10 na ɗan lokaci, a daidai wannan lokacin ne ya kamata ka auna. Tawa tana fara tashi sai ta mutu ta nuna ƙarancin wuta. Na maƙala mitar na ga tana jan abinda ya kamata, sai na koma bolt, a kan batir 12.4 lokacin da take ja, a bakin hitar kuwa ya faɗo ƙasa da 11. Fiye da bolt ɗaya yana ɓacewa a hanya. Yadda ake kama wurin: ka ɗora jan tsinke a fozitif na batir, baƙin a fozitif na hitar, tana aiki, abinda mita ta nuna shine asarar wannan layin. Ka maimaita a nagetif. Nawa fozitif ɗin ƙalau, nagetif ne ya cinye kusan duka. Na bi shi har inda aka ɗaure shi a jikin ƙarfen mota, noti ɗin da ka kalla a ɗaure yake tam, amma da na kwance sai ga farin gari da kore-kore a ƙarƙashin zoben, ƙarfen kansa ya yi ja da tsatsa. Na goge da samfefa har ya yi ƙyalli, na canza zoben, na ɗaure na shafa giris a sama. Hita ta tashi karon farko, kuma fitilun da suke lumshewa duk sanda famfo ya kama suma suka daina, don ashe duk hanya ɗaya suke komawa.

Masu sana'ar suna son asarar da ke tsakanin batir da na'ura kar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga abubuwa masu muhimmanci, a bolt 12 wajen 0.36 kenan. Mitar tana nuna lamba biyu bayan ɗigo a ƙasa da bolt 20, don haka tana ganin wannan sarai.

Tunda ana maganar bolt, ga lambobin da nake riƙewa a kai. Batirin dalma da ya huta wasu awanni ba caji ba lodi, 12.6 zuwa 12.7 cike yake, wajen 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kana cutar dashi. Idan yana caji zaka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ya cika caja ta sauko wajen 13.5 zuwa 13.8 tana riƙe dashi. Amma don Allah kar ka auna nan take bayan ka cire caja ka ce ya cika, akwai cajin sama-sama da ke nuna lamba babba, ka bari ya huta ko ka kunna fitila na ɗan lokaci tukuna. Na lithiyam kuwa, LiFePO4, labarinsa daban, yana zama a wajen 13.2 zuwa 13.3 kusan duk tsawon aikinsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi lokaci guda, don haka bolt baya faɗa maka saura nawa. Kuma yana da allon kariya a ciki wanda zai iya yanke wuta gaba ɗaya, ka auna ka ga kamar ya mutu alhali kulle kansa ya yi, da yawansu kuma basa karɓar caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0. A nan ma bakin mitar ne zai raba gardama, caja tana kunne amma ampiya sifili ke shiga.

Sai caji lokacin tafiya. Ka tada inji, ka maƙala a wayar da ke zuwa batirin ɗaki a matakin 20 ko 100. Idan sifili ne, ko dai fiyus ɗin layin ya ƙone (yawanci guda biyu ne, ɗaya kusa da kowane batir, mutane suna manta na gaba), ko rile ɗin da ke haɗa baturan biyu baya kamawa, ko ɗan siririn wayar da ke gaya masa inji ya tashi, wanda ake rubuta wa D+, ya yanke. Idan kuma ka ga ya fara da kyau sannan bayan ɗan lokaci ya sauka har ya koma kusan babu, ko ma alamar ta juya wato wuta na komawa baya, to ka bincika ko motarka mai altaneta ce ta zamani. Motoci da yawa na ƙa'idar Euro 6 kwamfuta ce ke juya altanetar, tana sauke bolt ƙasa da 13 idan batirin inji ya wadatu don rage shan mai, rile na gargajiya bazai cika maka batirin ɗaki a haka ba ko ka wuni kana tuƙi. Maganinsa cajar DC zuwa DC. Kuma idan an saka maka mai ampiya 30, da mitar nan zaka tabbatar da idonka ko 30 ɗin take bayarwa lokacin da batir ke buƙata. Wannan alamar ragi da ke fitowa a gaban lamba tana da amfani sosai, ita ke gaya maka wuta shiga take ko fita, kawai ka lura da wane gefe ka fuskantar da bakin.

Firij ma haka. Mai hanya uku, gas da wutar gida da bolt 12, a bolt 12 yana jan ampiya 8 zuwa sama babu tsayawa, shi yasa aka tsara shi ya yi aiki a haka sai inji na tashe. Idan ka kashe inji ka maƙala ka ga har yanzu yana ja, rile ɗinsa ya manne, kuma kafin asuba ya gama da batir. Mai kwamfuresa baya ci haka, ampiya 3 zuwa 5 ne kuma yana kamawa yana saki. Sola kuwa, faifai mai wat 100 a tsakiyar rana zaka sa ran ampiya 5 zuwa 6, in ka ga ƙasa sosai ka duba inuwa da ƙura kafin ka zargi kwantirola, kuma ka tuna idan batir ya cika kwantirola da kanta take rage wuta, wannan ba lalacewa bace.

Ɓangaren wutar gida zan taƙaita, don gaskiya bana son wanda bai san aikin ba ya buɗe akwatin bolt 230 saboda ya karanta wannan. Bolt 12 yana ƙona waya yana tada gobara idan aka yi shot, amma 230 rai yake ɗauka, gashi jikin motar ƙarfe ne. Abinda mitar zata yi maka a nan shine ta gaya maka ko wuta ta iso soket, tana ma da NCV, wato ka kusantar da kanta ga waya ta yi ƙara idan da wuta ba tare da ka taɓa komai ba, amma kar ka dogara da shirunta ka sa hannu. Sannan ka san wane bireka ne ya faɗi. Idan na sandar da ka jona ne, yawanci lodi ne ya yi yawa, fulog ɗin nan shuɗi na ampiya 16 ne amma wurare da yawa ampiya 6 ko 10 suke bari, ampiya 6 a bolt 230 wat 1380 ne kacal, butar lantarki ɗaya ta wuce shi. Idan kuwa RCD ne na cikin mota, wato birekar da ke yanke wuta in ta ji tana zuba, mai miliamp 30, wuta ce ke zuba ta inda bai dace ba, sau da yawa ƙarfen hitar ruwa ne ko danshi a bakin fulog, ka cire komai ka riƙa mayarwa ɗaya-ɗaya, in ka gano mai laifin ka kai wa mai lantarki da ya san aikinsa. Kuma idan ka maƙala bakin mitar a igiyar wuta gaba ɗayanta zaka ga sifili, ba lalacewa ta yi ba, waya mai zuwa da mai komawa ne suka soke juna, dole waya ɗaya tak take shiga bakin.

Yanzu inda take da rauni. Duk sanda ka juya ta zuwa ampiya a AC take farawa, sai ka danna SELECT kowane lokaci, wanda aikinsa kusan duk DC ne zai ji wannan a jikinsa, kuma sabon shiga zai iya ganin sifili ya ɗauka ba wuta. Na biyu, a matakin ampiya 2 sifilinta yana motsi idan ka juya hannunka, saboda sensar tana jin har maganaɗisun ƙasa da na ƙarafan da ke kusa, haka duk irinsu suke, don haka ka yi ZERO a daidai wurin da kuma daidai yadda zaka riƙe ta, in lambar ƙarama ce ƙwarai ka maimaita ka gani, kar ka rantse akan miliamp goma ko ashirin. Na uku iyakarta 100. Inbata mai wat 1000 idan ta ɗauki cikakken lodi tana jan kusan ampiya 90 zuwa 100 daga batir, kenan ka kai bakin gaɓa, mai wat 2000 ta fi ƙarfinta, kik na tada inji kuwa ɗaruruwa yake ja, ba ma a magana. Bata kuma ajiye lamba mafi girma da ta gani, maɓallin HOLD kawai gareta, don haka abu mai saurin wucewa kamar tashin famfo sai ka zuba ido. Tana kashe kanta bayan kamar minti 15 idan ba a taɓa ta ba.

Ƙanƙantar bakin kuwa ni a wurina alheri ne. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙasa yana laluben waya a bayan akwatin fiyus ƙarƙashin kujerar direba ya san babbar mita bata shiga wurin, wannan tana ratsawa tsakanin wayoyi ta kama ɗaya, ga hasken allonta idan wurin da duhu. Wayar batir mai kauri ta yau da kullum tana shiga ba matsala.

Abubuwan da zan ce ka haɗa da ita: kilif mai haƙori da ake sawa a kan tsinken gwaji don hannunka ɗaya ya samu sarari, da doguwar waya ta mita biyar ko shida mai kilif a kowane kai, don wayoyin da take zuwa dasu bazasu kai daga batir zuwa bayan mota ba idan kana auna asarar layi. Sai fiyus na ajiya, kuma ka san kalarsu, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fiyus ana gwada shi a inda yake, akwai ɗan ƙarfe biyu a bayansa, ka taɓa kowanne da jan tsinke baƙin yana kan nagetif, in ɗaya da wuta ɗaya babu to ya ƙone, ko da ido ya nuna maka lafiya yake. Kuma don girman Allah idan fiyus yana ƙonewa kar ka sa wanda ya fi shi girma, wayar yake karewa, ka maƙala mita ka ga nawa layin ke ja ka gano dalili.

Abu ɗaya da bazata taɓa gaya maka ba shine lafiyar batirin kansa, wato Ah nawa ya rage masa a ciki bayan shekaru. Tsohon batir yana iya nuna 12.7 da yamma, ya faɗi cikin awa biyu. Hanyar da nake bi da ita shine in cika shi, in kunna lodin da na auna da bakin mitar, misali ampiya 5, in riƙa duba bolt lokaci-lokaci, batir mai Ah 100 mai lafiya ya kamata ya ɗauki wajen awa 10 kafin ya sauko rabi. In ya sauko cikin uku ko huɗu, to a lokacin ne ka san kuɗin sabon batir ya halatta. Wanda kuma yake da lithiyam ko yake zama a motar na tsawon lokaci, ya ƙara da na'urar nan da ake ɗaurawa dindindin a nagetif na batir tana ƙirga duk abinda ya shiga da wanda ya fita, ita zata nuna masa akwai mai shan wuta, ita kuma wannan mai bakin da ita zai bi waya-waya har ya kama shi.